Cika Ciki Daban, Gina Jiki Daban

Duk ranar da aka kawo mana shinkafa da wake a ɗakin cin abinci, ba a rasa wanda zai yamutsa fuska ya ce, "Yau ma garau-garau?" sai ka ce an ajiye masa abin kunya. Ranar da aka tuƙa tuwo aka cika kwano kuwa, ko da miyar ba ta da kome sai kuka da gishiri, kowa ya kan tashi yana shafa tumbi, yana cewa yau kam an ci abinci. Mu da mu ke wannan rubutu ba mu fid da kanmu daga cikin masu wannan hali ba. Amma da muka zauna muka duba abin da masana suka gano game da abinci da jikin ɗan Adam, sai muka ga ashe hukuncin namu a birkice ya ke. Tun da ya ke kuwa gobe mu ne za a tura garuruwa da ƙauyuka mu tsaya gaban yara, iyayensu kuma su riƙa tambayarmu abin da ya shige musu duhu, ya kamata mu warware wannan magana tsakaninmu tun muna nan.

Abinci aiki biyu manya ya ke yi a jiki. Na farko shi ne aikin itace a murhu, watau ya ba jiki ɗumi da ƙarfin motsi. Wannan aikin hatsi ne da doya da rogo da sukari da mai. Na biyu shi ne aikin tubali da azara wurin magini, watau a gina jiki da shi, a kuma gyara inda ya zaizaye. Mai wannan aiki shi ne abin da likitoci ke kira furotin. A shekarar 1838 aka raɗa masa wannan suna, sa'ad da Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, ya ba Mulder na ƙasar Holan shawarar kiransa haka, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke kan gaba. Sunan bai yi ƙarya ba. Tsoka da fata da gashi da farce duk da shi aka yi su. Jan abin nan da ke cikin jini yana kai iska ko'ina a jiki furotin ne, haka dakarun jini masu yaƙi da cuta, haka sinadaran da ke narkar da abinci a ciki, haka insulin mai daidaita sukari. In an auna babban mutum, wajen kashi ɗaya cikin shida na nauyinsa furotin ne.

Gini ne kuma wanda ba a gamawa. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 su ke yi su mutu a sake waɗansu, shimfiɗar cikin hanji kuwa ba ta cika mako guda ba a sabunta ta ba. Jiki ya kan tara kitse ya ajiye don ranar rashi, amma ba shi da rumbun furotin. In bai samu a akushi ba sai ya juya kan tsokarsa ya riƙa rushe ta, kamar mai gidan da ke cire tubalin zaure yana toshe ɓarakar ɗaki.

An daɗe da gwada wannan. A shekarar 1816 wani likitan Faransa mai suna Magendie ya ware karnuka ya riƙa ba su sukari da ruwa kaɗai. Suna ci suna ƙoshi, amma suna ramewa, kafin a yi nisa da wata guda duk sun mutu. Ya sake gwadawa da mai, abin bai sake zane ba. Daga baya aka gane shi furotin ɗin ma ba abu guda ba ne, haɗi ne na ƙananan tubala iri 20 waɗanda a ke kira amino asid. Jiki na iya ƙera 11 da kansa, sauran 9 kuwa tilas sai an ci su. Na ƙarshen gano wa cikinsu shi ne wanda William Rose ya gano a Amurka a 1935. Kafin wannan, a 1914, waɗansu masana biyu na Amurka, Osborne da Mendel, sun ciyad da 'ya'yan ɓeraye da wani furotin da aka tace daga masara, sai ɓerayen suka ƙi girma, suka shiga lalacewa. Da aka ƙara musu tubali guda mai suna tiriftofan sai suka daina lalacewa, da aka ƙara na biyu mai suna laisin sai suka kama girma. Darasin a fili ya ke: in tubali iri guda ya yanke wa magini, aiki ya tsaya, kome yawan sauran da ke jibge a gabansa.

To, a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Gero da dawa da masara da shinkafa duk suna da furotin, amma laisin ɗinsu kaɗan ne. Wake kuwa laisin ya ishe shi, abin da ya gaza a kansa hatsi na da shi. Saboda haka in an haɗa su, kowane ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu ba su taɓa jin sunan laisin ba, amma ku dubi abin da suka bar mana: koko da ƙosai, fura da nono, shinkafa da wake, kunun gyaɗa, dambu da zogale da ƙuliƙuli, tuwo da miyar da ta ji daddawa. Ko a gona haka su ke yi, su shuka wake a tsakanin gero, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, harawarsa ta ciyad da dabbobi. Garau-garau ɗin da mu ke rainawa ya fi farar shinkafa da miyar da ba ta ga nama ba nesa ba kusa ba.

Bari mu kawo lissafi, gama ido ba mudu ba ne. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka ƙayyade cewa babba mai lafiya yana bukatar giram 0.83 na furotin a kowane kilo na nauyinsa kowace rana. Watau mai kilo 60 yana bukatar wajen giram 50. Giram 100 na busasshen wake na ɗauke da kamar giram 23, gyaɗa kamar 25, waken suya da a ke yin awara da shi ya haura 35, gero da dawa 10 zuwa 11, ƙwai guda wajen 6. Ɗanyen rogo kuwa bai kai giram 2 ba. Wanda ya dogara ga rogo kaɗai sai ya ci fiye da kilo 3 a yini kafin ya cika adadin nan, kuma babu cikin da zai ɗauka. Wannan ya kamata ya sa mu tsaya mu yi tunani, mu da kwakin gari ya zama abokin hirarmu na dare.

Daga lissafin nan za a ga cewa ƙato mai cin tuwon dawa ya ƙoshi, yana ɗan samun wake ko nono, ba shi ne ke cikin hatsari ba. Wanda ke cikin hatsari shi ne yaron da aka yaye. Cikinsa ƙarami ne, girmansa na sauri, abin da a ke ɗura masa kuwa koko ne tsararo wanda yawancinsa ruwa ne. Yana sha cikinsa ya yi tim, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali kuwa magini na zaune ba tubali.

Labarin yadda duniya ta san wannan ciwo daga ƙasar maƙwabtanmu ya fito. A shekarar 1929 wata likita 'yar asalin Jamaika, Cicely Williams, ta zo aiki ƙasar da a lokacin a ke kira Gwal Kwas, watau Ghana ta yau. A asibitin yara na birnin Akara ta riƙa ganin yara 'yan shekara 1 zuwa 4 ƙafafunsu sun kumbura, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu na saɓulewa, ba su wasa, ba su son abinci, da yawa kuma suna mutuwa. Ta lura duk an yaye su a kan kunun masara, kuma in an ba su madara da wuri waɗansu na farfaɗowa. Ta rubuta bayanin ciwon a 1933. Waɗansu manyan likitoci a Ingila suka musa, suka ce ai wani sanannen ciwon fata ne na masu cin masara. Ita kuwa ta yi abin da ba a saba gani ba ga masu ilmi na zamaninta, ta saurari matan gari. Su suka gaya mata sunansa da harshen Ga, kwashiyoko, watau ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Da wannan suna ta sake rubutu a 1935, da shi kuma duniya ke kiransa har yau.

Wanne ne cikinmu bai san wannan yaro ba? A wurinmu in mace ta yi kwanika a kan ce ɗanta ya sha ciki, a ɗora wa nonon laifi, a yaye shi rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Nonon bai yi kome ba. Abin da ya faru shi ne an raba yaro da abinci mafi kyau da ya ke samu, ba a maye masa gurbinsa da kome ba sai ruwan gasara. Kumburin da a kan ɗauka ƙiba ce ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai ciko ba. Mutanen Nijeriya sun ga wannan ciwo ido da ido a lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sa'ad da aka toshe hanyar busasshen kifi da nama zuwa yankin Biyafara, mutane suka koma kan rogo, yara masu ɗimbin yawa suka hallaka. Wanda ya fi yawa a cikinmu kuwa ba ya kumbura, tsumburewa ya ke yi shiru ba wanda ya lura. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, a arewa maso yamma kuwa kashi 57 ne. Waɗannan su ne za su zauna a azuzuwanmu. Yaron da ya tsumbure tun yana ƙarami ya kan sha wuyar karatu, ga shi cuta na saurin kayar da shi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san akwai masu ja da mu, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce, "Kun cika baki a kan furotin, alhali masana da kansu sun taɓa yin wannan kuskure." Gaskiya ne. Daga wajen 1950 zuwa farkon shekarun 1970 manyan hukumomin duniya sun ɗauka babbar matsalar ƙasashe matalauta ita ce ƙarancin furotin, aka kashe kuɗi mai yawa wajen ƙera garin kifi da makamantansa waɗanda ba su kai ga talaka ba. A 1974 Likita Donald McLaren ya rubuta sukar da ta girgiza su, ya nuna yawancin yaran nan abinci ne gaba ɗaya bai ishe su ba, kuma in itacen wuta ya gaza jiki ya kan ƙone furotin ɗin ma a murhu. An kuma gano ƙyanda da gudawa da irin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji duk suna da hannu cikin kwashiyoko. Mun karɓi wannan gyara hannu biyu biyu. Abin da mu ke kira a kai shi ne yaro ya ci ya ƙoshi, sau da yawa a yini, cikin tsabta, a yi masa rigakafi, sa'an nan a tabbata akwai abin gini a cikin abin da ya ci. Ko ƙwai ma ba laya ba ne. A ƙasar Ekwado, a wani gwaji da aka bayyana a 2017, ƙwai guda a rana na wata 6 ya rage tsumburewar jarirai da kashi 47 cikin 100, amma da aka maimaita a Malawi, inda yaran ke samun ƙananan kifi tun da fari, tsawonsu bai ƙaru ba. Watau abin gini ya fi amfani inda ya yi ƙaranci.

Na biyu zai ce, "Nama da ƙwai sai mai hali, kuna yi wa talaka ba'a." Tsada kam akwai ta, ba mu musa ba. Amma ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Nijeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wake, Nijar na bi mata. Gyaɗa kuwa tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 muka yi shekaru muna tara ta dala dala ana kai wa Turai, a matse mai, tunkuzar a ba shanunsu, har dalar ta ɓace bayan shekarun 1970. Ga abin mamaki: a 1996 waɗansu Faransawa biyu, Likita André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadaran bitamin, suka ƙulla a 'yar leda suka kira ta Plumpy'nut. A yunwar da aka yi a Nijar a 2005, da ita ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000, yawancinsu a yankin Maraɗi, akasari kuma a gidajen iyayensu. Gyaɗar da aka raina a gida ita ce ta dawo cikin leda tana ceton rai. Me zai hana uwa ta daka ƙuliƙuli ko soyayyen waken suya ko busasshen kifi ta zuba cokali biyu a kokon ɗanta tun bai kwanta ba? Sai dai a tsince gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, don tana ɗauke da dafin da ke lalata hanta, wanda aka gano bayan ya kashe talotalo wajen 100,000 a Ingila a 1960.

Abin da ya fi tsada wuyar magani shi ne rabo. A gidaje da yawa in an yi miya da nama, tsoka ta mai gida ce da baƙinsa, yaro sai romo ko ƙashi. Kaza ta yi ƙwai a kai kasuwa, in yaro ya miƙa hannu a ce kul, cin ƙwai na sa sata. Mai ciki ma a hana ta, alhali ita ce ke gina mutum biyu a lokaci guda. Ba mu faɗi wannan don raina iyayenmu ba, girmama na gaba ado ne, kuma ba wanda ke so ya cuci ɗansa. Amma a lissafin jiki, wanda ginin jikinsa ya kammala shi ne mai ƙaramar bukata in an gwada da nauyinsa, wanda a ke kan ginawa shi ne mai babba. Bayansa sai mai ciki da mai shayarwa, da majinyacin da ke murmurewa, da tsohon da tsokarsa ke zubewa har tashi ya gagare shi.

Kada kuma wani ya ɗauka cewa muka yi a yi ta ɗibar nama ba iyaka. Abin da ya wuce bukata jiki ƙone shi ya ke yi, ƙoda ta fid da tokarsa a fitsari. Mai ciwon ƙoda tilas ya tsaya inda likita ya iyakance masa. Samarinmu masu ɗaga ƙarfe da ke zuba kuɗin guzurinsu a gwangwanin garin furotin, da sun san awara da ƙwai da kindirmo za su biya musu bukata, da sun huta.

To, me ya rage a kanmu? Muna roƙon shugabanninmu da malamanmu, cikin ladabi, a ƙara wa wake da gyaɗa fili a gonar makaranta, a koya mana adana su. Tun 2007 aka fara yaɗa buhun nan mai ruɓi uku a Afirka ta Yamma, wanda ke toshe iska ƙwaro ya mutu ba tare da an barbaɗa guba ba, ya kamata kowanenmu ya iya ɗaure shi kafin ya fita. Muna roƙo kuma a cikin darasin kiwon lafiya a riƙa kai mu kasuwa mu auna abin da kuɗi kaɗan za su saya, mu koyi haɗa kunun yaye da hannunmu, mu koyi gane kumburin ƙafa da jan gashi, don mu san yaron da za mu ce a garzaya da shi asibiti ba a tsaya jiƙe-jiƙe ba. In mun je hutu mu faɗa wa yayyenmu da matan 'yan'uwanmu, da lafazi mai daɗi, cewa nonon uwa zalla ya ishi jariri wata 6, daga nan a fara ba shi abinci mai kauri ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, a kuma ware masa nasa kwano don kada manyan yara su rigaye shi.

Amma kafin duk wannan, mu fara da kanmu. Malamin da ke yamutsa fuska ga wake ba zai iya shawo kan uwa ta ba ɗanta alale ba, gama mutane sun fi kallon abin da malam ke ci bisa sauraron abin da ya ke faɗi. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi, yaron da ya tsumbure kafin ya cika shekara 2 kuwa da wuya ya cim ma tsaransa, kome abincin da aka tara masa daga baya. Saboda haka ran da aka sake kawo garau-garau, mu gyara zama mu ci, mu gode wa masu dafawa. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana ƙannenmu.